Duwatsun Kolonfara a Tsakar Gidan Hajiya Kubura

Ranar da na sauka Wagadugu, tambayar farko da aka yi mini a Zongo ita ce ko zinariya nake nema. Ko jakata ban ajiye ba. Mai tasi ya sauke ni a ƙofar gidan Hajiya Kubura, sai wani dattijo da ke zaune a kan benci ya hango ƙotar gudumata ta leƙo daga jaka, ya taso har da gyara hula.

"Sannu da zuwa, madam. Wane rami kike aiki? Ina da ɗa a can wajen haƙar."

Na ce masa ni malama ce, duwatsu nake karanta. Ya yi dariya irin ta wanda ya gane ana ɓoye masa magana, ya koma ya zauna. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa Hajiya ta yi baƙuwa mai na'urar gano zinariya.

Sunana Rabi. Ina koyar da ilimin ƙasa da duwatsu a wata jami'a a arewacin Najeriya. Na baro mijina da 'ya'yana biyu na zo Burkina don in kammala digirin dakta a hannun wani farfesa da ya ƙware a kan tsaunukan kudu maso yammacin ƙasar. Tsaunukan nan dutsen yashi ne. A wani zamani mai nisan gaske, tun babu dabba mai ƙashi a doron ƙasa, ruwa ya riƙa kwantar da yashi da laka a wurin, wani bisa wani, har suka daskare. Shi ya sa idan ka tsaya a gindin tsaunin za ka ga dutsen hawa-hawa. Kowane hawa muna ce masa shimfiɗa. Aikina shi ne in hau, in auna kaurin kowace, in bayyana kamanninta, in ce ga inda wannan ta ƙare wancan ta fara, in kuma tabbatar da sunan da ya dace da ita.

Na yi wa Hajiya wannan bayanin a daren farko muna cin tuwo. Hajiya Kubura mutuniyar Kano ce, 'yar uwar kakar mijina ta wata hanya da har yau ban gama ganewa ba. Ta fi shekara talatin tana sayar da shadda da atamfa, shagonta yana unguwar Dapoya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Wato 'yar nan, kin bar yara biyu a gida don ki zo ki raɗa wa dutse suna."

Na ce, "Ba haka ba ne, Hajiya."

"To yaya ne?"

Na ci gaba da cin tuwona. Ta ƙara mini miya.

Mako uku na yi kafin in sami takardar izinin shiga daji. Faransancin da na koya a aji wata shida ya gudu ya bar ni tun a ofis na farko. A nan a ce hotona ya yi ƙarami, a can a ce ya yi girma, a wani wurin a ce mai buga hatimi ya tafi jana'iza. Kullum in hau bayan babur daga Zongo in ratsa unguwar Gungen, in dawo da rana tsaka hannu wayam. Ko Hausar Zongo ma sai da na koye ta sabuwa. Matar da ke sayar da benga a bakin layi, wato wake da shinkafa, za ta fara mini magana da Hausa, ta karkata Faransanci a tsakiya, ta ƙarasa da Mosanci, sannan ta tsaya tana jiran amsa. Ni kuwa in ce "to" kawai, in karɓi abin da ta zuba mini.

Daga Wagadugu na yi Bobo, daga Bobo na yi Banfora, daga nan aka ɗauke ni a babur zuwa wani ƙaramin ƙauye a gindin tsauni mai suna Kolonfara. Mai gari ya haɗa ni da Baba Lasina, wani tsoho siriri mai sassaƙa dutsen niƙa, wanda ya san kowace hanya ta hawa tsaunin. Faransancinsa na kasuwa ne, nawa na aji, muka haɗu a tsakiya muna cike giɓi da hannu.

Mako shida muka yi muna hawa muna sauka. Ina farawa daga ƙasa, in fasa dutse, in duba, in rubuta a littafi, in saka a leda da 'yar takarda mai lamba, in yi sama. Lamba ɗaya tana gindin tsauni, lambar ƙarshe tana ƙololuwa. Ina da tsohuwar taswira tun ta zamanin Turawa, wadda farfesa ya ba ni da hannu biyu kamar yana miƙa mini jariri. Taswirar ta ce babban farin bangon da ke tsakiyar tsaunin shimfiɗa ɗaya ce. Ni ma idona ɗaya ya gani, na auna shi a dunƙule na wuce.

Wata rana muna hutawa Baba Lasina ya nuna farin bangon ya ɗaga yatsu biyu.

Ya ce, "Dutse biyu ne. Na sama yana cin hatsi. Na ƙasa santsi gare shi, sai dai wasa wuƙa."

Na ce, "Baba, ɗaya ne. Ga shi a takarda."

Ya karɓi taswirar, ya riƙe ta a juye, ya duba da girmamawa, ya mayar mini.

"Mai takardar ya taɓa niƙa gero?"

Na yi dariya, ban ko rubuta maganar ba. Rana ta dame ni, ƙafata ta yi bororo, kuma rabona da jin muryar yarana kwana tara, don sai an hau wani tudu ake samun layin waya.

Saura kwana huɗu in gama, jandarmomi, jami'an tsaron yankin, suka aiko cewa baƙi su fita daga yankin, an ga masu bindiga a dajin da ke bayan tsauni. Muka ɗaure duwatsuna a gurguje, buhu bakwai, dutse ɗari da arba'in. Na so in rubuta lamba a jikin kowane dutse kamar yadda ƙa'ida ta ce, amma alƙalamin fentin da na saya a Bobo ya fara bushewa tun mako na biyu, yau ya yi rubutu gobe ya ƙi. Kashi ɗaya cikin uku kawai na rubuta wa. Sauran na dogara da leda da takarda. Wannan laifina ne, kuma na biya shi.

A tashar Banfora motar fasinja ta ƙi ɗaukar buhunan. Sai ga wani ɗan kamasho mai jar hula da zaƙin baki, ya ce kada in damu, akwai kamiyo, wato babbar motar kaya, mai rufi da zai tashi gobe, zai kai mini har ƙofar gida. Ya ɗaga buhu ɗaya ya ji nauyi, ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Madam, mene ne a ciki?"

"Duwatsu."

"Duwatsu kawai?"

"Duwatsu kawai."

Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Kwana tara ina zaune a Zongo ina kiran lambarsa, wani lokaci ta shiga a ƙi ɗauka, wani lokaci a kashe. Ranar na goma da hantsi wata babbar mota mai ɗauke da mangwaro ta toshe layinmu, direban ya sauko yana tambayar gidan Hajiya mai shadda. Sunansa Isufu, mutumin Tawa ne ta Nijar. Ya sauke buhu huɗu, ya tsaya yana murza hularsa.

Na ce, "Bakwai ne, malam."

Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri da abin da zan gaya miki. A bayan tasha na tarar da su. Mai jar hular nan da abokansa sun zazzage su duka a ƙasa, suna fasawa suna neman zinariya. Da ba su ga komai ba suka watsar. Na ga sunanki a jikin buhu, Rabi, da Zongo gidan Hajiya mai shadda, na ce wannan tamu ce. Na kwashe abin da na iya."

Ya koma mota ya ɗauko wani ƙunshi ya miƙo mini. Ledojina ne da takardun lamba, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure da igiya, tsaf, babu dutse ko ɗaya a ciki.

"Na ga kamar suna da amfani," in ji shi.

Na karɓa na yi masa godiya. Ko ruwa ya ƙi tsayawa ya sha, mangwaronsa na nuna. Da motar ta fita layi na zauna a kan buhu na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Dutse in ba ka san daga wane hawa ya fito ba, tsakuwa ce kawai.

Washegari na je wajen farfesa. Mutum ne mai tsabta da sanyin murya, ba ya gaggawa ko da gini na cin wuta. Ya saurare ni yana goge tabarau, ya ce abin baƙin ciki ne ƙwarai. Sai in koma in ɗebo wasu.

Na ce, "Farfesa, an rufe hanyar."

Ya ce haka ne. To sai in sauya batu, in ɗauki wani yanki kusa, in fara daga farko. Shekara biyu ta isa.

Shekara biyu! Da yamma na kira gida. Ƙaramar 'yata ta karɓi waya ta ce haƙorinta ya faɗi, ta tambaye ni ko zan dawo kafin sabon ya fito. Ina ajiye wayar na jawo akwati na fara ninke kaya.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, carbi a hannu.

"Ina zuwa?"

"Gida, Hajiya. Na gaji. Na gaji da ƙasar nan, da Faransancinsu, da duwatsunsu."

"Ki koma ki ce wa yaran me? Na bar ku wata uku, ga tsaraba, hannu biyu? Ba kin ce kin rubuta kamannin kowane dutse a littafi ba?"

"Na rubuta."

"Hotuna fa?"

"Suna waya."

"To fito da su tsakar gida. Ni an sha kawo mini dila ruwa ya cinye takardun jiki, ban taɓa mayar da kaya Kano ba."

Muka shimfiɗa tamfol a gindin bishiyar darbejiya, muka zazzage buhunan. Dutse ɗari da tara suka rage, talatin da takwas masu lamba a jiki. Na jera masu lamba daga ƙasa zuwa sama, sauran kuma in ɗauki ɗaya, in karanta littafi, in duba hoto, in nemo masa gurbi. Jajaye da masu tsakuwa a ciki da masu laka ba su ba ni wahala ba. Abin da ya ba ni wahala mutane ne. Kowace safiya sai wani ya yi sallama da dutse a aljihu in duba masa. Dattijon benci ya kawo guda uku a ƙunshe cikin hankici. Wata maƙwabciya ta aiko a ba ta aron guda ɗaya mai faɗi ta danne murfin tukunya. Limamin masallacin layi ya ɗauki lamba ashirin da biyu ya shafa ya ce wannan ya yi daidai da taimama, sai da Hajiya ta sa baki ya ajiye. Akuyar gidan kuma ta cinye takardun lamba goma sha ɗaya a zama guda.

Hajiya in ta dawo daga Dapoya sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna tana taya ni. Ba ta duban dutse. Ɗauka take ta murza da babban yatsa kamar tana taɓa bakin shadda, ta ajiye. Da muka zo kan fararen, waɗanda suka fito daga babban bangon nan, guda arba'in da 'yan kai, na tara su wuri ɗaya na tafi salla. Na dawo na tarar ta raba su kashi biyu.

"Hajiya, wa ya ce ki raba? Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

"Shimfiɗa ɗaya ce. Haka yake a taswira."

"Ni ban san taswira ba. Wannan yana kama yatsa, wannan yana zamewa. In na sayar wa mutum waɗannan biyun a kuɗi ɗaya, gobe zai dawo ya zage ni."

Raina ya ɓaci. Shekara goma sha biyu ina wannan karatu, ga mai shadda tana gyara mini aiki. Na bari ta shiga ɗaki, na hautsina su duka na mayar tuli ɗaya. Can sai ta fito. Ta zauna, wayarta a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa tana faɗa da wani dillali a Kano, hannunta na ɗauka yana ajiyewa, dama, hagu, hagu, dama. Kafin ta gama faɗan ta gama rabon. Guda biyu kawai ta riƙe tana juyawa, ta ce waɗannan munafukai ne, ta ajiye su a tsakiya.

Na tsuguna don in nuna mata kuskurenta, na fara juya masu lamba a jiki. Tulin hagu: arba'in da shida, hamsin da ɗaya, hamsin da bakwai, sittin da ɗaya. Tulin dama: sittin da takwas, saba'in da uku, tamanin. Babu ɗaya da ya tsallaka. Duk masu santsi daga ƙasan bangon suka fito, duk masu kaushi daga samansa. Nan take na tuna tsoho da yatsunsa biyu a sama.

Na daɗe a tsugune. Hajiya ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau," don ba zan iya ce mata ta yi gaskiya a ranar ba.

Yatsa ba hujja ba ne a wajen farfesa. Sai an yanka dutsen siriri kamar fatar albasa an duba a madubin ƙara girma. Injin yankan da ke sashenmu ya lalace, ana jiran wani ƙarfe daga waje tun kafin in zo ƙasar. Mai gadin sashen ne ya ba ni shawara in je unguwar Kosodo wajen masu yankan tayil. Haka na goya duwatsu goma sha biyu a jaka, na ratsa gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan a bayan babur, jakar na dukan ƙashin bayana a kowane rami. Mai injin, wani Bamoshe mai ƙaton ciki, ya ɗauka kabari zan yi wa ado. Da na nuna masa girman da nake so, kamar akwatin ashana, ya kira duk ma'aikatansa su zo su ga abin dariya. Amma ya yanka, da kyau kuma, ya kawo mini zomkom, ruwan gero mai sanyi, a kofin roba ina jira. Sauran sirancewar da hannu na yi ta a kan gilashi, kwana goma sha ɗaya, har zanen yatsuna ya goge, wayata ta daina gane ni.

A ƙarƙashin madubi maganar ta fito fili. Na sama ƙwayoyin yashinsa manya ne masu kusurwa, da ƙofofi a tsakaninsu inda ruwa zai bi. Na ƙasa ƙwayoyinsa ƙanana ne, laka ta liƙe duk wata kafa. Duwatsu biyu ne, an kwantar da su a yanayi biyu. Kuma abin ya wuce suna. Mai haƙa rijiyar burtsatse a yankin in ya san haka, ya san ruwa yana cikin na sama, in ya shiga na ƙasa ɓata ƙarfensa yake yi. Da na gaya wa Hajiya wannan sai ta ce, "Yauwa, yanzu kika yi magana. Me ya hana ki faɗi haka tun ranar farko?"

Saura in san daidai inda iyakar take. Tana tsakanin lamba sittin da ɗaya da sittin da takwas, kuma shidan da ke tsakani babu lamba a jikinsu, wataƙila ma suna can bayan tashar Banfora, ko an yi cikon rami da su. Na nemi lambar Baba Lasina, kwana uku ba ta shiga. Ranar na huɗu wata mace ta ɗauka ta miƙa masa. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce suna Bobo, gidan surukinsa. Kolonfara babu kowa, masu bindiga sun zo sun ba su kwana biyu su tashi, sun tashi.

Na yi masa jaje, na rasa yadda zan kawo maganar dutse a kan wannan. Shi ya kawo ta.

"Kin ga biyu ne ko?"

"Na gani, Baba. Ka yi haƙuri."

"Ba komai. Takarda ce ta ruɗe ki."

Na tambaye shi inda suka rabu. Ya ce inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin bango, wajen da ƙudan zuma ke taruwa, a kan wani dandamali mai inuwa. Na buɗe hotunan wayata. Ga dandamalin, ga baƙin layin danshi a miƙe kamar an ja da alli, ga ledar abincina a ƙarƙashinsa. A nan nake cin abincin rana kusan kullum, na jingina bayana da iyakar da na zo nema daga wata ƙasa.

Farfesa bai ji daɗi ba. Malaminsa ne ya yi aiki da tsohuwar taswirar, shi ma a kanta ya yi nasa digirin. Ya duba madubi ya ɗago, ya sake dubawa, ya ce zai yi tunani. Tunanin ya ci wata guda. Daga baya ya kira ni ya ce ya yarda shimfiɗu biyu ne. Ta ƙasa za ta riƙe tsohon suna, ta sama tana bukatar sabo. Ƙa'idar aikinmu ita ce a sa wa shimfiɗa sunan wurin da ta fi bayyana, ba sunan mutum ba. Na ce Kolonfara.

Na rubuta, na gyara, na sake rubutawa, wata bakwai. Matar da ta gyara mini Faransancin ta bi duk littafin ta mayar da K ta zama C, ta ce haka ya fi kyau a ido. A Faransanci kuwa farkon kalmar in aka rubuta shi haka yana nufin ɗan mulkin mallaka. Na zauna na bi shafi ɗari biyu da wani abu ina mayar da harafi ɗaya, ina tsaki.

Ranar kare digiri Hajiya ta rufe shago, ta sha shadda ruwan goro ta zauna a layin gaba da kwanon cincin a cinya. Minti goma da fara Faransanci barci ya ɗauke ta. Malamai uku suka yi ta yi mini tambayoyi awa biyu. Na ƙarshensu, wani baƙo da aka gayyato daga wata jami'a, ya rufe littafin ya ce aikin ya yi, rabon ya tabbata. Amma suna ba ya zama na hukuma sai an faɗi kaurin shimfiɗar a wurin da aka sa mata suna. Nawa ne kaurin ta Kolonfara?

Na ce na auna bangon a dunƙule, ban auna ta ita kaɗai ba.

Ya buɗe hannuwa. Suka fita suka yi shawara suka dawo. An ba ni digiri. Sunan kuma zai zauna a littafina da ƙananan haruffa, na wucin gadi, har ranar da wani ya koma ya auna. Aka yi tafi, tafin ya ta da Hajiya, ta dubi hagu da dama ta ce da ƙarfi, "Wa ya ci?"

Da muka dawo Zongo gidan ya cika da mata, an dafa shinkafa, mai benga ta rungume ni da harsuna uku. Na zame na fita ƙofar gida na kira Bobo. Na gaya wa Baba Lasina cewa sunan garinsu ya shiga littafi, amma bai zauna daram ba, saboda ban auna kaurin dutsen sama ba.

Ya ce, "Wannan ne kawai? Ai na san shi. Tun ina saurayi na auna, lokacin da muke ɗaura tsani. Daga inda ruwa ke fita zuwa inda jan dutse ya fara, gora goma sha ɗaya ce da rabi."

Na laluba jaka na ciro biro, na rasa takarda, na rubuta a tafin hannu.

"Baba, gorar nan tsawonta nawa? Mita nawa?"

"Mita kuma? Gorata ce. Da ita nake auna komai."

"To a samo abin awo a auna ta yau, don Allah. Ko tela ne ya auna. Tana ina?"

Ina jin kukan yara da ƙarar babura a bayansa.

Ya ce, "Tana jingine a bayan rumbuna, can Kolonfara."

Can ya yi gyaran murya ya ce in gaida yara in na isa gida, in kuma hanya ta buɗe zai sa a kira ni.

Na tsaya a bakin layi da waya a hannu ɗaya, ɗayan hannun a buɗe don kada gumi ya goge rubutun. Hajiya ta leƙo ta ce shinkafa na hucewa. Na ce mata ina zuwa, amma ta samo mini takarda tukuna.